Fadamar Gaji, Mashayar Namun Dawa

Mutanen Kakuri da Makera da Barnawa suna ƙetare gada kullum safiya, amma kaɗan ne cikinsu suka taɓa ganin kada yana shan hantsi a bakin kogin nan, alhali kuwa an ce daga kadduna garin ya sami sunansa. Tun da masaƙar Kakuri ta soma aiki a 1957 gine-gine ke cin gaɓar kudu, har fadamun suka koma unguwanni. Wanda ke son ganin fadama da namunta a ciki, sai ya yi gabas, ya ratsa duwatsun Jos, ya wuce Bauci, ya karya kwana a Dindima, ya shiga dajin Yankari ta ƙofar Mainamaji.

An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a ran 1 ga Disamba 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sa'an nan ya koma hannun Jihar Bauci a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, yawancinsa tudu da tsaunuka, irin su Kalban da Kariyo da Paliyaram. Ba a barin baƙo ya yi yawo shi kaɗai, sai tare da ja-gora. Galibi ma a mota ake zagayawa, sai wurare ƙalilan ake sauka a taka.

To, mai karatu, wanda ya hau Kalban da rani, abin da zai gani ya isa abin lura. Dawa duk ta bushe, ganye ya kaɗe, gamba ta yi fari fat. Sai wani zare guda kore shar da ya ratsa tsakiya, watau kogin Gaji da fadamarsa. Da damina namun sukan watsu ko'ina, don kowane kwari da ruwansa. Amma daga Fabrairu zuwa Afrilu ƙishirwa takan koro su duka zuwa nan. Sauka ke da wuya, ƙafa ta bar tsakuwa ta shiga laka, inuwa ta rufe, tsando ya soma cizo. A cikin lakar nan ake karanta labarin daren jiya: ga sawun giwa kamar an kafa turmi, ga na ɓauna, ga na gwambaza wadda ba ta nisa da ruwa, ga hanyar da dorina ta bi ta fita kiwo. Zalɓe na tsaye ƙafa ɗaya, bika na bisa itace suna tsegumi.

Abin da ke riƙe da Gaji shi ne idanun ruwa masu ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse. Babbansu Wikki, ruwa garai-garai, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, sanyi da bazara. Baƙi nan suka fi so, wasu ma wanka kaɗai ke kai su.

Sai dai fa inda nama ya taru, nan maharbi ke kwanto. Mashayar da ke rayar da giwa ita ke nuna wa mai neman haure inda zai same ta. Makiyaya kuma sukan kutsa da shanu neman wannan ɗanyar ciyawa, giwaye su fita su ɓata gonakin maƙwabta, manoma su yi fushi, kuma ba a ga laifinsu ba. A 2014 wata ƙungiyar Amurka mai suna WCS ta haɗa hannu da Bauci wajen tsaro. Masu gadin dajin su ne matafiyan ƙasa na ainihi a Yankari: sukan kwana da yawa suna sintiri da guzuri a baya, akwai kuwa waɗanda mafarauta suka harbe a bakin aiki. Garken giwayen da suke tsaro yana cikin 'yan kaɗan da suka rage a Nijeriya duka.