Maganin sikila ya samu, amma wa zai iya saye?

A ajina akwai wata yarinya mai ciwon sikila. Duk lokacin sanyi sai ta yi mako biyu ba ta zo makaranta ba. Rannan, muna cikin darasin kimiyya, ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, wai da gaske ne Turawa sun samo maganin ciwona?" Na ce mata e. Sauran bayanin ne ya yi mini nauyi a baki.

Labarin ya faro ne a jami'a. A shekarar 2012, Jennifer Doudna ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da Emmanuelle Charpentier suka bayyana CRISPR, wata dabara ta yanke ƙwayar halitta a gyara ta. A 2013 Charpentier da abokanta suka kafa kamfanin CRISPR Therapeutics, wanda ya haɗa gwiwa da Vertex. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganinsu, Casgevy.

Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyaci, a gyara su don su riƙa samar da irin sinadarin jinin da jariri ke da shi a ciki, sannan a mayar masa.

Tun 1980 wata doka a Amurka, Bayh-Dole, ta ba jami'o'i damar mallakar abin da suka gano da kuɗin gwamnati. Shi ya sa suka buɗe ofisoshin da ke yi wa bincike rajista, su ba kamfanoni lasisi, su taimaka wa malamai su kafa nasu. Ba don haka ba, bincike da yawa sai ya ƙare a takarda.

To, amma fa mai zuba jari riba yake jira. Kuɗin Casgevy a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, alhali mafi yawan masu sikila a Afirka suke.

Mu a nan, gwajin jini kafin aure shi ne a hannunmu, kada mu yi wasa da shi. Jami'o'inmu kuma su koyi kai bincike kasuwa, amma su sa sharaɗin farashin talaka tun ranar ba da lasisi.

Yarinyar ta ce likita take son zama. Allah Ya ba ta lafiya, Ya cika mata burinta.