Buɗe Jijiya Daban, Samun Lafiya Daban

Hoton da likita kan nuna wa majiyyaci bayan an sa masa sitent yana da ɗaukar hankali: jijiyar da kitse ya shaƙe har ta koma kamar zare, ga ta ta buɗe, jini na gudu. Sitent ɗan bututu ne na ragar ƙarfe. Sau da yawa ta gindin cinya ake zura siririyar roba cikin jijiyar jini har wurin da ya tsuke, a hura 'yar balan-balan, a bar ragar ta tokare bangon. Sai dai hoton ba ya faɗin ko an kuɓutar da mutum, kuma a nan ne jijiyar wuya da ta ƙoda suka raba hanya.

A wuya, abin tsoron shi ne ɓarɓashin kitse ya ɓalle ya haura ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Shi ya sa ake kafa 'yar rariya a gaba kafin a taɓa wurin. Binciken CREST na 2010, kan mutum 2,502 a Amurka da Kanada, ya gwada sitent da tiyatar kankare kitsen. A jimlace sun yi kunnen doki, amma a kwanakin aikin kashi 4.1 cikin ɗari na masu sitent sun samu shanyewar jiki, masu tiyata kuwa 2.3, ko da yake bugun zuciya ya fi kama masu tiyatar. Wanda ya haura shekara 70 tiyata ta fi masa, domin jijiyar tsoho kan yi tauri ta karkace.

Ta ɓangaren ƙoda lissafin kamar ba ƙura: ƙodar da jini ya yi wa ƙaranci takan tayar da hawan jini, to a buɗe mata hanya mana. Aka gwada a binciken ASTRAL na 2009, aka sake a CORAL na 2014 kan mutum 947, sitent bai ƙara komai a kan magungunan hawan jini da na rage kitse ba. Galibi kafin a gano tsukewar, naman ƙodar ya riga ya lalace.

Masu kare aikin sukan ce ai ba a cika shigar da waɗanda ciwonsu ya fi tsanani cikin gwajin ba. Suna da gaskiya. Wanda ruwa ke cika masa huhu farat ɗaya, ko mai ƙoda ɗaya tal da ke durƙushewa, yana iya amfana ƙwarai. Amma waɗannan 'yan tsiraru ne, hujjarsu ba ta kai ga dattijon da aka ci karo da tsukewar jijiyarsa a hoto, alhali ƙwayoyin da yake haɗiya kowace safiya suna riƙe masa jinin ba.