Ko Kun Sani? Tsoron Ɓera Tun Yana Shan Nono Ake Ɗinka Shi

Ko kun san cewa cire ƙwayar gado ɗaya tak kan mayar da ɓera matsoraci har ƙarshen rayuwarsa? A 1998 masana a Amurka suka samar da ɓeraye marasa makarɓin sinadarin serotonin mai suna 5-HT1A a ƙwaƙwalwa. Duk ɓera yana son lungu, kamar yadda duk manomi mai rumbu ya sani, amma waɗannan nasu ya yi yawa: sai su maƙale a jikin bango, su ƙi fitowa fili. A 2002 masanan Jami'ar Columbia suka gano abin da ya fi wannan ban mamaki. Idan makarɓin ya yi aiki a makonnin farko bayan haihuwa, ɓeran kan tashi da natsuwa, ko da an kashe makarɓin bayan ya girma. Idan kuwa sai da ya girma aka kunna shi, fargabar ba ta tafiya. Ana ganin dalili shi ne, a lokacin ƙuruciya ne serotonin ke taimakawa wajen shimfiɗa hanyoyin ƙwaƙwalwa masu sarrafa tsoro.