Ɓauren Col de Dame

Col de Dame wani tsohon iri ne na ɓauren Bahar Rum, wanda masana tsirrai ke kira Ficus carica. An san shi da zaƙi da kaurin tsoka, da kuma jinkirin nuna, domin yana cikin na ƙarshe da ake tsinka a kakar ɓaure. Ɗan'uwa ne ga ɓauren da aka sani a ƙasar Hausa, wato Ficus sycomorus, amma ba jinsi ɗaya ba ne.

Asali da suna

An daɗe ana noman wannan iri a Kataloniya da tsibirin Mayorka na ƙasar Sifaniya, da kuma kudancin Faransa. Mutanen Kataloniya na kiransa Coll de Dama, Faransawa kuma Col de Dame, ma'ana "wuyan mace", saboda dogon wuyan da ke haɗa ɗan ɓauren da reshe. Launinsa uku ne suka fi shahara: fari, wanda bawonsa kore ne mai ɗan rawaya, da baƙi, da kuma mai ruwan toka. Dukkansu cikinsu ja wur ne.

Siffa

Bishiyar tana zubar da ganye a lokacin hunturu, ta sake toho idan gari ya yi ɗumi. Wasu irin ɓaure kan yi 'ya'ya sau biyu a shekara, na farko a kan rassan bara, na biyu a kan sababbin rassa. Col de Dame kuwa yawancin amfaninsa daga sababbin rassa yake fitowa. Ba ya bukatar ƙwaron ɓaure kafin 'ya'yansa su ƙosa, saɓanin irin Izmir na Turkiyya, wanda 'ya'yansa ke zubewa idan ƙwaron bai kai musu garin fure ba. Don haka bishiya ɗaya tak a tsakar gida tana iya ba da amfani.

Yadda ake dasa shi

Ba a shuka shi da ƙwaya, domin abin da zai tsiro ba lallai ya yi kama da uwar ba. Ana yanko reshen bara ne mai tsawon santimita 20 zuwa 30 a ƙarshen hunturu, a soka shi cikin ƙasa mai danshi har ya yi saiwa. Yana son rana tun safe har yamma, da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya a kanta. A wurare masu sanyi na Turai da Amurka akan dasa shi jikin bangon da ke fuskantar kudu, saboda bango na riƙe zafin rana ya sake shi da dare. Wasu kan dasa shi cikin babbar tukunya, su shigar da shi ɗaki idan sanyi ya tsananta.

Ba a cika masa taki. Idan takin naitirojin ya yi yawa, sai bishiyar ta ɓige da yin ganye da dogayen rassa, 'ya'ya su makara. Yana bukatar ban ruwa a kai a kai lokacin da 'ya'yan ke girma, amma akan rage idan sun kusa nuna, don yawan ruwa na fasa su ya kuma rage zaƙi.

Nuna da girbi

A yankin Bahar Rum yakan fara nuna ne daga watan Satumba, ya ci gaba har Oktoba. Nan ne babbar matsalar mai lambu take: inda zafi ke saurin wucewa, sanyi kan riski 'ya'yan suna ɗanye, aikin shekara ya tafi a banza. Saboda haka masu lambu kan tsinke kan sabon reshe bayan ya fitar da ganye biyar ko shida, don a tilasta masa fitar da 'ya'ya da wuri. Sukan kuma cire ƙananan 'ya'yan da suka fito a makare, domin ƙarfin bishiyar ya koma kan waɗanda za su kai.

Ɓaure ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi, don haka gaggawa asara ce. Ana gane nunanne idan ya yi laushi, wuyansa ya lanƙwashe ya rataya ƙasa, bawon kuma ya ɗan tsattsage. Idan farin ruwa ya fito daga wurin tsinka, bai gama nuna ba. Wannan ruwa yana ƙona fata, musamman idan rana ta taɓa wurin, shi ya sa ake sa safar hannu wajen datse rassa.

Ƙwari da cututtuka

Tsuntsaye da tururuwa da zanzaro na kai wa nunannun 'ya'ya hari, akan kare su da raga ko ƙananan jakunkuna. Akwai baƙin ƙudan ɓaure, Silba adipata, wanda tsutsarsa ke sa ɗanyun 'ya'ya zubewa. A ƙasa mai yashi ƙananan tsutsotsi kan kumbura saiwa. Akwai kuma cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare, wadda ke bin yankan reshe daga bishiya zuwa bishiya, don haka ake zaɓar reshen dashe daga uwa mai lafiya.