Murhun pelet: me ya sa wani buhu ke ci da wuta mai kyau, wani kuma sai hayaƙi?

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, gas ɗin girki ya yi wuyar samu, gidaje da yawa suka koma ga itace da gawayi. A jihar Sinnar, inda Hausawa ke zaune daga Mai Wurno har zuwa yankin Abu Hujar, nauyin yana faɗawa kan itatuwa irin su bagaruwar da ke bakin kogin Shuɗin Nilu. Alhali kuwa yankin na noman dawa, riɗi, gyaɗa da auduga ne, inda kara da ɓawo ke taruwa bayan kowace kaka. A gonakin Jazira ma an daɗe ana tuge karan auduga a ƙone shi domin kashe cututtukan shuka.

Irin wannan ragowar gona ce ake niƙawa a matse da inji, ta fito ƙanana kamar guntun alli, masu kaurin milimita 6 zuwa 8. Su ake kira pelet. Murhun da ke cin su ya riga ya shiga gidaje a Ruwanda da Zambiya, kuma zai dace da duk inda ake noman gyaɗa, ko Sinnar ce ko Maradi. Sai dai ingancinsa ya dogara ne ga abin da aka zuba masa.

Yadda yake aiki

Ana zuba pelet a tukunyar murhun, ba tare da an rufe ramukan iska na sama ba, sannan a kunna wuta daga sama. Wutar na gangarawa a hankali, zafinta na fitar da iska mai kamawa daga pelet ɗin. Ƴar fanka mai batir ko sola tana hura iska ta ramukan sama, sai abin da zai zama hayaƙi ya ƙone. Shi ya sa tukunya ba ta yin baƙi sosai. A fara da fanka a hankali, a jira ƴan mintuna wuta ta daidaita kafin a ɗora girki. Ƙara pelet mai yawa ana tsakar girki yana danne wutar, hayaƙi ya turnuƙe.

Abubuwa uku da ke ɓata wuta

Na farko danshi. Pelet mai kyau ruwan da ke jikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. In ya sha laima, zafin wutar yana ƙarewa ne wajen busar da shi, ga wahalar kamawa. Ba ya komawa yadda yake ko an shanya shi, domin yana kumbura ya rugurguje.

Na biyu toka da ƙasa. Pelet na dusar katako mai inganci tokarsa ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Na kara da ɓawon gyaɗa ya ninka haka, ƙaiƙayin shinkafa kuwa yana kaiwa kusan kashi 20. Nan ne laka mai danƙo ta gonakin Sinnar da Jazira ke zama matsala: karan da aka tuge da saiwarsa yana tafowa da ƙasa. Idan ƙasa ta haɗu da sinadarin fotash na cikin kara, sai su narke su dunƙule kamar kashin maƙera, su toshe ramukan iska. Mai girki za ta ga wuta na mutuwa alhali fanka na aiki.

Na uku gari. Pelet ɗin da bai matsu sosai ba yana farfashewa a hanya, garin ya cike tsakanin ƙwayoyin ya hana iska wucewa.

Kafin ka biya kuɗi

Ɗebi kaɗan ka duba. Mai kyau yana da sulɓi da ɗan sheƙi, in ka karya shi sai ya ce ƙas. Duba gindin buhu: gari mai yawa alamar asara ce. Jefa ƴan ƙwayoyi cikin kofin ruwa. Wanda ya matsu zai nutse, bayan ya jiƙe kuma ka murza ka ji ko akwai yashi. Warin fumfuna na nufin ya sha ruwa.

A gida, a ɗora buhu kan katako nesa da bango, a ɗaure bakinsa, musamman da damina. A zubar da toka bayan kowane girki, a tsokane ramukan da waya. Kada a kashe wutar da ruwa cikin murhun, ƙarfen zai lalace. Kuma ko wuta ta yi kyau, a bar ƙofa ko taga a buɗe, domin iskar kabon monoksaid ba ta da wari, tana kuma kisa.

Buhu mai araha da ya jiƙe ko ya cika ƙasa zai ƙare da wuri, ya bar uwargida cikin hayaƙin da aka sayi murhun domin a guje masa. Masu son buɗe injin pelet a yankin, aikinsu na farko shi ne tankaɗe ƙasa da busar da kara kafin niƙa.