Gashin cutar daji kafin dashen huhu: Wa zai amfana?

Cutar dajin huhu ce kan gaba wajen kisa a cikin nau'o'in cutar daji, inda ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna ta hallaka mutane kimanin miliyan 1.8 a shekarar 2022.

Mutumin farko da aka yi wa dashen huhu yana ɗauke da wannan cuta. Dokta James Hardy ne ya yi aikin a Amurka a 1963, kuma majinyacin ya rasu bayan kwana 18.

Me ya sa likitoci ke ɗari-ɗari?

Wanda aka yi wa dashe sai ya riƙa shan magungunan rage ƙarfin garkuwar jiki muddin ransa, don kada jikin ya ƙi sabon huhun.

Idan kuwa da sauran ƙwayoyin cutar daji a ɓoye, raunin garkuwar kan ba su damar yaɗuwa. Shi ya sa yawancin asibitoci ba sa yi wa masu cutar dashe.

Ina amfanin gashi?

Akwai waɗanda wata cuta ta riga ta lalata musu huhu, sannan aka gano ƙaramin ƙari a ciki. Irin waɗannan ba za su jure tiyatar yanke ƙarin ba.

A nan ne wasu asibitoci kan auna ƙarin da haske mai ƙarfi daga na'urar gashi, galibi sau uku zuwa biyar, domin kashe shi yayin da ake jiran huhun da za a dasa.

Sharaɗin shi ne cutar ba ta fita daga huhu ba.

Yaya batun yake a Jibiya?

Ba a dashen huhu a Najeriya ko Nijar, amma gashi ya matso kusa.

A da, mazauna Farfaru da sauran garuruwan iyaka sai sun nufi asibitocin koyarwa na Zariya ko Sakkwato. A 2025 gwamnatin tarayya ta buɗe cibiyar cutar daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, yayin da Yamai ta samu na'urar gashi a 2021.

Sai dai akan ɗauki dajin huhu a matsayin tarin fuka, a shafe watanni ana shan magani.

Likitoci na shawartar duk mai tarin da ya ƙi jin magani, ko mai tofar da jini, musamman mashayin taba, ya nemi hoton ƙirji da wuri, tun ƙarin bai wuce abin da gashi zai iya kashewa ba.