Ƙaramin Garin Taurari

Mu mutanen Riruwai mun san wankin kuza. Sai an dube kwano da kyau, in ba haka ba a zubar da ita tare da yashi. To, haka masanan taurari su ke duba hotunan sama.

Taurari ma gari gari su ke. Rana tamu tana cikin wani babban gari, shi ne farin nan mai kamar hayaƙi da ya ratsa sama da dare. Akwai ƙananan garuruwa masu kewaya shi.

An ɗauki hoton ɗayansu a Afirka ta Kudu da babban madubin hangen nesa. Da fari aka zaci datti ne a jikin hoton. Da aka sake ɗauka, sai ga taurari birjik. Wani masani Ba'amurke, Shapley, ya ba da labarinsa a 1938. Ana kiransa Sculptor.

Siffarsa kamar ƙwai. Taurarinsa tsofaffi ne, sun warwatsu, shi ya sa ya dushe. Haskensa ya kan yi fiye da shekara 250,000 kafin ya iso mu. Da kaka yana wajen kudu bayan lisha, amma ido kaɗai ba ya ganinsa.